Wa zai koya wa likitan da ke kwana a Buza?

Kamar yadda kowa ya sani, akwai ciwon da ke ba mutum lokaci, akwai kuma wanda ba ya jira. Mai ciwon gwiwa ko mai tsohon tari yana iya haƙuri har ranar kasuwa, ya sayar da albasarsa, sannan ya biya ta asibiti a kan hanyarsa ta komawa gida. Amma macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, in ba a tsayar da shi ba, awa biyu sun isa a rasa ta. Yaron da masassarar cizon sauro ta kai ga suma, da matafiyin da mota ta kife da shi, da manomin da maciji ya sara a gona, dukansu bayan ikon Allah ransu yana rataye ga mutum na farko da ya tarbe su a ƙofar asibiti, da abin da ya sani, da saurin hannunsa. Aikin wannan mutum shi ake kira aikin gaggawa. Ilimi ne mai zaman kansa, ana koyonsa a wurin malami kamar yadda ake koyon fiɗa ko aikin ido.

Gundumomin Madawa da Buza da Kaita, cikin jihar Tawa, sun tara mutum fiye da miliyan 1 da dubu 300 a ƙidayar jama'a ta 2012, kuma tun daga lokacin yawan ya ƙaru ƙwarai. Kowace gunduma tana da asibitinta na gunduma, inda ƙananan gidajen likita na karkara ke aiko waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfinsu. Daga Madawa zuwa Yamai tafiyar kimanin kilomita 500 ce. Daga Kaita zuwa babban asibitin jiha a Tawa kimanin kilomita 70 ne, tafiyar da mai lafiya ba ya ganin nisanta, amma wadda ke da tsawo ga mai naƙuda da ke kwance a bayan mota. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, kuma da damina ƙorama kan cika ta tare hanya sai ruwa ya janye. Saboda haka duk abin da za a yi wa mai ciwon gaggawa a wannan yanki, mafi yawansa a nan gida za a yi shi, ko kuwa ba za a yi shi ba sam.

To wane ne ke tarbar waɗannan mutane? Sau da yawa matashin likita ne wanda bai daɗe da gama makaranta ba, tare da malaman jinya da ungozomomi. Ƙasar Nijar ta fara koyar da likitocinta a gida tun 1974, lokacin da aka buɗe makarantar ilimin lafiya a jami'ar Yamai, wadda daga 1992 take ɗauke da sunan Abdu Mumuni. Daga baya jami'o'in Damagaram da Maraɗi su ma suka buɗe nasu sassan. Ɗalibi yakan share shekara bakwai ko fiye yana karatu, yana bin manyan malamai a ɗakunan majinyata na asibitin ƙasa da na Lamorde, inda in abu ya rikice akwai wanda za a kira. Ranar da aka tura shi gunduma, littafin yana cikin kansa, amma malamin ya tsaya a birni.

Ya kamata jama'a, musamman shugabanni, su san yadda kwanan wannan matashi yake a watan Satumba, lokacin da masassara ke kan ganiyarta, tamowa kuma ba ta saki yara ba domin sabon hatsi bai shiga rumbu sosai ba. Da safe zai zagaya ya duba waɗanda suka kwana. Da hantsi zai zauna duba masu layi. Kafin azahar wataƙila an kira shi ɗakin haihuwa, ko an kira shi taro a ofis, domin sau da yawa likitan da ke duba majinyata shi ne kuma ke riƙe da takardun gunduma, da lissafin magani, da rahoton wata. Da magariba amalanke da babura sukan fara isowa daga ƙauyuka, domin iyaye sun gwada abin da za su gwada a gida tukuna. Za a shigo da yaro idonsa fari fat, numfashinsa sama-sama. Cikin ƴan mintoci dole a gane ko jini ne ya ƙare masa, ko sukarin jikinsa ne ya faɗi, ko sanƙarau ne ya ɓoye a bayan masassarar. Dole a sami jijiya a hannun da ya bushe, in ba a samu ba a san yadda ake sa allura cikin ƙashin ƙafa domin ruwa ya shiga. Dole a auna magani daidai da nauyin yaron, a nemo mai ba da jini cikin danginsa, a duba ko injin da ke tace iskar numfashi yana da wuta. Ana cikin haka za a ce ga mota ta kawo mutum biyar daga babbar hanyar da ta ratsa Madawa zuwa Maraɗi, kuma hannun da ke wurin bai fi huɗu ko shida ba. Wanda za a fara da shi, da wanda zai iya jira, da wanda za a saka a mota a tura gaba, wannan hukunci ne da ake yankewa a tsaye, ba tare da shawarar kowa ba. Gari na wayewa, layi yana jiransa kamar jiya.

Babu mai musun cewa matashin da ya yi damina uku a irin wannan wuri ya koyi abin da wani ba zai gani ba cikin shekara goma a birni. Sai dai koyo ne na wanda aka jefa kogi domin ya iya iyo. Abin da ya yi daidai, babu mai tabbatar masa. Abin da ya kuskure, babu mai nuna masa, sai ya sake shi gobe yana tsammanin haka ake yi. Kuɗin wannan makaranta kuwa talakan Adar ne ke biyansa, da ɗansa ko da matarsa. Matashin shi ma yana biyan nasa, domin wanda yaro ya mutu a hannunsa da tsakar dare, ba shi da babba da zai zauna da shi su warware abin da ya faru, yakan kwana da abin a zuciya har ya gaji, ya fara neman hanyar komawa Yamai ko shiga aikin wata ƙungiya. Ana yawan zargin matasan likitoci da ƙin karkara. Kafin a zarge su, a tambaya wa aka ba su ya tsaya a bayansu.

Sauran ƙasashen duniya sun daɗe da gane wannan matsala, kuma su ma da farko ƙananan likitoci marasa gogewa suke bar wa ƙofar gaggawa. A Amurka, a jami'ar Sinsinati, aka fara koyar da aikin gaggawa a matsayin fanni na musamman a 1970, aka amince da shi a hukumance a 1979. Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin karatun likitanci daga gare ta, ba ta mai da shi cikakken fanni mai takardar ƙwarewa ta kansa ba sai a 2017. A Afirka, Afirka ta Kudu ta fara a 2004, Gana ta buɗe nata a asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2009, Tanzaniya da Habasha suka biyo a 2010. Ke nan ba abu ba ne na masu arziki kaɗai.

Yadda koyon yake a waɗannan wurare abin lura ne. Likita ya riga ya sami takardarsa, ana biyansa albashi, amma har shekara uku ko huɗu yana aiki ƙarƙashin idon ƙwararre. Aikinsa kashi-kashi ne, awa takwas ko goma sha biyu, in lokacinsa ya cika sai ya tsaya a gaban kowane gado ya miƙa majinyacin ga mai karɓarsa, ya faɗi abin da aka yi da abin da ya rage. Duk majinyacin da ya duba, sai ya gabatar da shi ga malaminsa kafin a yanke shawara. Yakan yi watanni a sashen yara, watanni a ɗakin haihuwa, watanni wurin masu sa barcin fiɗa domin ya iya zura bututun numfashi a maƙogwaro, watanni a ɗakin waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Yana da littafi inda ake rubuta kowane aikin hannu da ya yi, malami ya sa hannu. Kafin ya taɓa mutum, ya sha gwadawa a jikin mutum-mutumin roba. A kowane mako akwai ranar karatu da ba a taɓa ta. A kai a kai kuma ana zama a ɗauko takardun waɗanda suka rasu, a bi su ɗaya bayan ɗaya, ba domin a kunyata wani ba, sai domin a ga inda aka makara. Rayuwa ce mai wuya, barci kaɗan, iyali suna ganin mutum jefi-jefi, har ta kai a Amurka a 2003 aka kafa doka cewa kada mai koyo ya wuce awa 80 a mako, bayan an ga yadda gajiyar likita ke jawo kuskure. Amma duk wuyarta, mai koyo ba ya kwana shi kaɗai. Wannan shi ne bambancinsa da ɗan'uwansa na Buza.

Wani zai ce wannan tsari na ƙasashe masu ƙwararru da yawa ne, Nijar kuwa ƙwararrunta ƙalilan ne, kuma in aka tsaya jiran a horar da kowane likitan gunduma shekara huɗu, yaran da ake haifa bana sai sun yi aure ba a gama ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ƙasar nan ta taɓa fuskantar irin wannan tambaya, ta kuma ba ta amsa da kanta. A 2005 ma'aikatar lafiya da sashen likitanci na jami'ar Yamai suka yanke shawarar kai fiɗa asibitocin gunduma. Maimakon jiran ƙwararrun da ake horarwa shekara biyar, sai aka ɗauki likitoci na gama-gari aka ba su horo na wata 12, kashin farko a Yamai, sauran a asibitocin jihohi ƙarƙashin masu fiɗa, domin su iya ciro jariri ta hanyar fiɗa, su gyara gwaiwar da ta shaƙe, su ɗinke hanjin da ya huje. Akwai waɗanda suka yi shakka a lokacin. Amma matan da a da sai an yi doguwar tafiya da su kafin a cece su, da yawa sun sami ceto a gundumarsu. A wannan shekarar ce aka mai da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Abin da aka iya yi wa fiɗa, babu dalilin da zai hana a yi wa aikin gaggawa, wanda ma kayansa sun fi araha.

Hujjar cewa horo gajere yana ceton rai ba ta tsaya nan ba. Daga 2015 aka baza wa ungozomomi da malaman jinya na ƙasar nan hanya mai mataki uku ta tsayar da jinin haihuwa: ƙwayar magani da farko, in bai tsaya ba a zura ƴar jakar roba cikin mahaifa a cika ta da ruwa ta danne jijiyoyin, sannan a ɗaure matar da wata riga mai matse ƙafafu da ciki har a kai ta inda za a yi mata aiki. Binciken da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini a gidajen likita ta ragu da fiye da rabi. A Malawi, a babban asibitin Bilantaya, gyara yadda ake tarbar yara a ƙofa da koya wa ma'aikata tantance wanda ya fi galabaita ya sauko da mutuwar yaran da aka kwantar daga tsakanin 10 da 18 cikin ɗari zuwa tsakanin 6 da 8. Hukumar lafiya ta duniya ta fitar da littafin wannan tantancewa a 2005, ta ƙara da darasin taimakon gaggawa na ƴan kwanaki a 2018, kuma babban taronta na 2019 ya yi kira ga ƙasashe su gina tsarin gaggawa, bisa lissafin cewa fiye da rabin mace-macen ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna zuwa ne daga cututtukan da kulawar gaggawa ke iya tarewa.

Yankin Madawa da Buza da Kaita kuwa yana da abin da ake bukata domin ya zama makaranta, in an so. Majinyata dai ba a rasa su ba. Bayan yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki tare da ma'aikatan gwamnati a sashen yara na asibitocin Madawa da Buza, kuma gundumomin biyu suna cikin na farko da aka fara ba yara maganin rigakafin masassara na damina a 2013. Wannan aiki ya bar malaman jinya ƴan ƙasa waɗanda idonsu ya buɗe a kan yaro mai tamowa da mai ƙarancin jini fiye da na likitoci da yawa, kuma abin takaici ne a ce irin wannan sani yana watsewa duk ranar da wata kwangila ta ƙare. Kusa da Madawa, a kan hanyar Ƙonni, akwai asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, inda aka buɗe horon masu fiɗa na shekara biyar a 2012. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ana iya horar da ƙwararre a tsakiyar gonakin albasa, nesa da babban birni. A Kaita kuma an gwada dabarar ƙara dala 20 a kan kuɗin ganin likita, a tara a asusu guda domin man motar da ke ɗaukar mai ciwon gaggawa, ta yadda iyali ba za su tsaya sayar da akuya ba alhali mace tana zubar da jini. Tubalan ginin suna nan a warwatse, maginin ne bai zo ba.

Abin da ya wajaba a kan ma'aikatar lafiya da jami'o'i shi ne su amince da asibitin gunduma a matsayin wurin koyo, su fara da Madawa tun da ita ce a kan babbar hanya, Buza da Kaita su riƙa aiko nasu. Kada a tura sabon likita gunduma sai ya yi wasu watanni yana koyon aikin gaggawa zalla, ya nuna da hannunsa cewa ya iya buɗe hanyar numfashi, ya iya tsayar da jini, ya iya farfaɗo da jariri. Waɗanda ke can tuni a ba su horo irin na masu fiɗar gunduma, da takardar da gwamnati ta sani, wadda za ta ƙara musu daraja da albashi. Kowane shirin ƙwarewa da ake yi a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, na yara ne ko na mata ko na gaggawa, a sa wa ɗalibansa wajibcin yin damina guda a gunduma, malaminsu kuma ya biyo su. A nan ne maganar take da nauyi, domin turo ɗalibi ba malami ƙarin hannu ne kawai, ba karatu ba. Babban malamin da ya karɓi albashin ƙasa domin koyarwa, mako biyu a Madawa cikin watan Satumba bai fi ƙarfinsa ba. Sauran watanni kuwa ga wayar salula: a tsara wanda zai ɗauki kira daga asibitin jiha kowane dare, sunansa da lambarsa a manne a bango, domin kiran ya zama haƙƙi, ba alfarmar da sai wanda ya san wani yake samu ba.

Haka nan kada a manta cewa a yawancin dare, hannun da ya fara taɓa majinyaci na malamin jinya ne ko na ungozoma, musamman a ƙananan gidajen likita inda babu likita ko ɗaya. Horon da ya tsallake su ya tsaya ga masu babbar takarda, rabin horo ne. Direban motar asibiti ma yana cikin lissafi, domin shi ke tare da majinyaci a mafi munin sa'o'insa.

Sai maganar hutu, wadda ake jin kunyar faɗa kamar lalaci ne. Likitan da ya kwana a tsaye, a bar shi ya yi barci kafin a sake miƙa masa ran wani. Direban babbar mota da ya yi kwana biyu bai runtsa ba, kowa ya yarda haɗari ne ga jama'a. Mai auna maganin jariri bai fi shi ƙarfin ido ba. Wannan ba zai yiwu ba sai an ƙara yawan likitoci a kowace gunduma, an kuma raba aikin ofis da aikin gado. A watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, ta mai da haihuwa kyauta. Mataki ne da talaka ya yi maraba da shi, amma duk lokacin da aka sauƙaƙa ƙofa, masu shigowa ƙaruwa suke yi, kuma a kan kafaɗun mutanen nan ƙalilan nauyin ke sauka.

Shugabannin gundumomi da na ƙananan hukumomi da sarakunan gargajiya su ma suna da nasu kaso, wanda ba ya jiran takarda daga Yamai. Malamin da zai zo koyarwa yana bukatar ɗakin kwana kusa da asibiti, mai ruwa da wuta. Ɗakin gaggawa yana bukatar hasken rana da batir domin injin iskar numfashi kada ya tsaya in wuta ta ɗauke. Firjin ajiyar jini kuma ba ya cika da kansa: tun cikin watan Yuni, kafin ruwa ya zauna, ya kamata limamai da masu gari su kira samari su ba da jini, a rubuta sunan kowa da irin jininsa da ƙauyensu, domin in an kawo yaro da ƙarfe biyu na dare a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.